Zamanin Tuwon Alkama

A shekarun 1990, idan ka shiga gida a Kano ko Zariya ko Katsina ka tarar da tukunya biyu a kan murhu, babba ta tuwon gida, da wata 'yar ƙarama a gefe ana tuƙa tuwon alkama, ba sai an faɗa maka ba: akwai mai ciwon sukari a gidan. Maƙwabta ma sukan gane tun daga yaron da ake aika wurin mai inji da ɗan kwanon alkama daban, ana ja masa kunne kada a haɗa ta da ragowar garin masara. Daga nan sai a fara yi wa maigida sannu da murya ƙasa-ƙasa, irin sannun da ake yi wa wanda ake ganin ya kama hanya.

A gidanmu mahaifinmu ne mai ƙaramar tukunyar. Ya dawo daga asibiti da wata takarda da aka buga da tafireta, an ja layi an raba ta gida biyu: dama abin da zai ci, hagu abin da aka hana shi. Hagun ta cika har ƙasa. Shinkafa, tuwon masara, tuwon dawa, fura, koko, doya, rogo, dankali, burodi, ayaba, mangwaro, rake, kusan duk abin da muka sani da sunan abinci. Damar kuwa ba ta wuce 'yan layuka ba: alkama, acha, wake, ɗanyar agada, ganye, kifi. Takardar ta faɗi iri, ta yi shiru a kan yawa. Baba mutum ne mai bin doka, sai ya karanta ta yadda ya saba karanta hukunci, wannan halas wancan haram, kuma abin da yake halas ai ba a yi masa mudu. Malmala uku ta tuwon alkama yake tashi da ita da daddare, ransa a ɓace, don bai taɓa son tuwon ba, yana cewa danƙo gare shi kuma ba ya karɓar miyar kuka. Da safe wake, da rana wake, har ta kai ko ƙamshin alale ya ji sai ya kawar da kai.

Abin da ya fi ci masa rai ba ɗanɗano ba ne. Shi da ƙannensa da manyan 'ya'yansa kwano ɗaya muke sa hannu a zaure bayan magariba. A nan ake hira, a nan ake yanke shawarar gida. Takardar ta zare hannunsa daga kwanon. Aka koma kai masa nasa ɗaki a rufe, ya ci shi kaɗai. Idan baƙo ya zo aka dama fura, Baba ya ce, "Bismillah, ni an hana ni," baƙon ya sha a takure. Duk da haka sukarinsa bai sauka yadda ake so ba, kuma kullum a kansa laifin yake ƙarewa. A asibiti sai a dube shi a ce, "Alhaji, anya ba ka ɗan satar ci?" Shi kuwa ko gaɓar rake bai sake taɓawa ba. Akwai ranar da ya makara bai ci abinci ba bayan ya sha maganinsa, jikinsa ya kama rawa, gumi na keto masa, aka miƙo masa lemo ya ture, don lemo yana ɓangaren hagu. Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa wasu magungunan suna iya sauke sukari ya wuce kima, kuma a irin wannan lokaci zaƙin nan da aka hana shi, shi ne abin da zai cece shi.

Ban ga laifin wanda ya buga takardar ba, gadonta ya yi. Kafin Banting da Best su fitar da insulin a Toronto a 1921, babban maganin da likitoci suke da shi yunwa ce. Wani likita a Amurka, Frederick Allen, ya yi suna wajen tsare marasa lafiya a kan abincin da bai kai ya riƙe mutum ba, don a ƙara musu 'yan watanni. Magani ya zo daga baya, amma ɗabi'ar hani ta daɗe ba ta bar asibiti ba. Batun alkama kuwa, a ganina aro ne da aka yi ba a gwada a jiki ba. A ƙasashen da burodi ne tuwonsu, idan aka ce wa mutum ya bar farin burodi ya koma na alkamar da ba a cire wa dusa ba, an ba shi shawara mai kyau. Da maganar ta iso nan, inda zaɓin yake tsakanin dawa da gero da masara, sai ta rikiɗe ta zama wai alkama magani ce. Kamfanoni suka ga kasuwa, suka niƙe ta luƙui suka ƙulla a leda, mai ciwo ya saya da tsada ya bar dawar da ke jibge a kasuwar Dawanau.

Alhali hatsi hatsi ne. Alkama, masara, dawa, gero, acha, shinkafa, kowanne idan aka auna shi busasshe, wajen kashi 70 cikin 100 ko fiye sitaci ne, shi kuma sitaci sukari ne a ɗaure, hanji ne yake kwance shi ya tura cikin jini. Mai shakka ya ɗauki lomar tuwo ba miya ya yi ta tauna kada ya haɗiye, zai ji zaƙi ya fara fitowa, don yawu ma ya san aikin. A ciwon sukari nau'i na biyu jiki yana yin insulin, sai dai ko ya gaza ko tsoka da hanta sun daina jin maganarsa sosai, sukarin ya yi ta yawo a jini bai shiga inda za a ƙone shi ba. To wanda ya cire ƙwaya biyu daga shayinsa, ya zauna ya share malmala uku ta alkama, ba cinya ba ne ƙafar baya. Acha ma da ake kawowa daga Filato da kudancin Bauci ana yi mata kirari, hatsi ce mai kyau, amma idan aka cika kwano da ita za ta yi abin da 'yan'uwanta suke yi. Abu ɗaya da takardar ta dace a kansa shi ne wake. Shi kam da gaske a hankali yake sakin sukarinsa, ga riƙe ciki.

Wata tambaya ta daɗe tana damuna: kakanninmu ai sitaci suka rayu a kai. Ɗumame ko koko da safe, fura da rana, tuwon dawa da dare, shekara ta zagayo. Me ya sa ba mu taso muna jin labarin ciwon a bakinsu ba? Wani ɓangaren amsar ba daɗin ji. Da yawa sun yi ciwon ba a gwada ba, aka ce sammu ne ko shawara, wasu kuma ba su kai shekarun da yake kama mutum ba. Amma ragowar amsar tana cikin yadda yini yake wucewa a lokacin. Namiji ya wuni a duƙe da fartanya, ya taka zuwa kasuwar ƙauye ya dawo. Mace ta yi surfe, ta yi daka, ta durƙusa a dutsen niƙa, ta ja ruwa a rijiya mai gaba goma sha. Garin da yake fitowa daga turmi da dutse yana da tsaki-tsaki, ba ya narkewa nan take. Zaƙi kuwa baƙo ne: mazarƙwaila daga wajajen Maƙarfi, zuma idan an samu, sukarin ƙwaya a kulle a kabad ana ƙirga shi. Shinkafa, in ka ɗebe mutanen fadamun Sakkwato da Kabi da suka gaje ta, abincin Sallah ce da biki.

Sai kuɗin mai ya zo. Aka biya ma'aikata ariyas ɗin ƙarin albashi na Udoji a 1975, jiragen ruwa suka yi ta sauke shinkafa da alkama a Legas, gidajen burodi suka yawaita, teburin mai shayi ya kafu a kowane lungu. Bayansu taliyar leda ta zo, da garin semo, da Indomie, da lemon kwalba da ya maye gurbin ruwan randa wajen tarbar baƙo. Inji ya karɓi aikin turmi, babur ya karɓi aikin ƙafa. Kuma duk wannan ya faɗo ne a kan mutanen da suka ga farin 1973 da idonsu. Wanda ya ga yunwa ba zai ɗauki ƙiba a matsayin ciwo ba. "Alhaji ya ajiye tumbi" yabo ne, kuma yabon har uwargida yake shafa, an ce ta iya kiwo. Amarya ta yi wata uku ba ta murje ba, dangi su fara tambaya ko lafiya.

Ba kukan zamanin da nake yi ba. Wanda bai taɓa riƙe taɓarya ba shi ne yake kewar amon daka, kuma duk macen da inji ya hutar da kafaɗarta ba za ta so a mayar da ita ba. Abin da nake cewa shi ne mun jingine fartanya amma ba mu rage malmalar manomi ba. Muka ƙara mata laushi, muka kora da lemo, muka hau babur zuwa masallacin da ke bayan layi. Ƙungiyar ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 manya miliyan 537 ne suke da ciwon, miliyan 24 daga cikinsu a Afirka, miliyan 3.6 a Nijeriya, kuma fiye da rabin na Afirka ba su san suna ɗauke da shi ba. Da ana ce masa ciwon masu kuɗi. Yanzu je ka layin asibiti ranar ganin likitan sukari, za ka ga ɗan dako da mai wankau da malamar firamare, wasunsu ma ba su da ƙibar da za a ɗora wa laifi.

Da nawa ciwon ya zo, da alamun da na sani tun a jikin Baba ya zo: ƙishirwar da ruwa ba ya kashewa, tashi fitsari cikin dare, gani yana hazo. Aka gwada jini da safe kafin in ci komai. Ƙa'idar ita ce idan ya kai 7.0, ko 126 a ɗaya ma'aunin, kuma aka sake aka samu haka, to ciwon ne. Akwai wani gwajin kuma da yake nuna matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku, shi daga 6.5 ake yanke hukunci, ko da yake mai sikila ko mai ƙarancin jini ya kamata ya faɗa wa likita, don gwajin yakan yi musu ƙarya. Likita ya ɗora ni a kan metformin ya tura ni sashen abinci. Na shiga ina jiran takarda mai gida biyu. Ma'aikaciyar da na tarar ba ta ba ni ba. Ta tambaye ni me na ci jiya tun daga safe, wa ya dafa, mu nawa ne a kwano, da ƙarfe nawa muke cin na dare. Sannan ta ce, "Malam, zuwa na gaba ka taho min da uwargida. Kai ci kake yi, ita ke riƙe da muciya."

Babban abin da ya raba zamanina da na Baba shi ne 'yar na'urar gwajin nan ta aljihu. Shi sai ranar asibiti ake duba shi, a yi masa hukuncin wata guda da ɗigon jini ɗaya. Ni kuwa ina iya huda yatsa kafin in ci, in sake bayan awa biyu, in ga abin da wannan abincin ya yi wa wannan jikin. Abin da ake nema ga yawancin mutane shi ne kada ya haura 10, wato 180, bayan cin abinci. Na'urar ba ta san kirari ba, ba ta san tsada ba.

Wanda ta fara tona wa asiri koko ne. Koko da muke ba mara lafiya da mai jego da tsoho, muna ganin ba abin da ya kai shi sauƙi. Amma dubi yadda ake yin sa. A jiƙa gero, a markaɗa, a tace a zubar da dusa, a bar gasara ta kwanta. Abin da ya rage kusan zallar sitaci ne, a dama shi da tafasasshen ruwa, a kurɓe ba tauna. Ko ƙwayar sukari ba a jefa ba, kofi babba yakan wuce da ni sama da goma. Haka kunun tsamiya, haka farar shinkafa da miya, da tuwonta, da waina, da burodi da shayin mai shayi wanda yake zuba sukari da ludayi. Ɗanwaken yanzu ma sai a yi hattara, da yawa fulawa ce ko garin rogo suka fi yawa a ciki. A ɗaya gefen kuma, faten wake da alayyafo, alale, dambun da zogale ya rinjayi tsaki, kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli, tuwon dawa malmala guda da miyar kuɓewa mai yawa, duk waɗannan sukan bar ni lafiya. Fura ta ba ni mamaki. Idan nono ya yi yawa, furar ta zama 'yar kaɗan, ba a sa sukari ba, ta fi koko sauƙi a jikina nesa ba kusa ba. Furar shago da ake markaɗawa da yogot mai zaƙi kuwa, wannan lemo ce da ta sa rigar fura.

Masana sun riga ni sanin wannan. Tun 1981 David Jenkins da abokan aikinsa a Toronto suka jera abinci bisa saurin da yake ɗaga sukari, suka nuna cewa yawan sitaci ɗaya zai iya yin aiki daban-daban. Manomi zai fi kowa gane dalili. Ruwan da ya wuni yana yayyafi ƙasa takan shanye shi tas, amma in aka sako shi kamar da bakin ƙwarya a cikin rabin awa, sai ya kwanta ya ci gona, ko da yawansu ɗaya ne. Laushin niƙa, yawan dahuwa da rashin tauna suna sako sukari a lokaci guda. Dusa, ganye, yauƙin kuɓewa, wake, gyaɗa, nono da nama suna ja masa birki.

Saura awo. Hoton da ake mannawa a bangon asibiti faranti ne an raba shi: rabi ganye, kwata nama ko wake, kwata sitaci. Shawara ce mai kyau ga mai cin abinci shi kaɗai da cokali. Mu da muke zagaye tire mu biyar, ina rabin yake, ina kwatar? Abin da ya fi shiga kaina shi ne awon hannu, wanda wani likita a Zimbabwe ya tsara don mutanen da ba su da sikeli, har wasu ƙasashen suka ara. Tuwo ko shinkafa gwargwadon dunƙulen hannunka. Nama ko kifi faɗin tafinka. Ganye cikin tafi biyu, ka ƙara in kana so. Mai kuwa kan babban yatsa. Hannu yana tare da kai a gidan biki, kuma na ƙato ya fi na ƙaramin mutum girma, ka ga awon ya daidaita kansa.

Da wannan muka tsara gidanmu ba tare da an ɗora tukunya ta biyu ba. Uwargida ta rage girman malmala gaba ɗaya, tawa guda ana ajiye ta ta gefena, in ta ƙare na ci gaba da shan miya ana hira. Aka rage surfen dawa, aka ce wa mai inji kada ya yi laushi sosai. Yara suka yi ƙorafi tuwo ya yi duhu, aka yi sulhu a kan ranakun shinkafa, ita ma a haɗa ta da wake kusan rabi da rabi, a yanka kabeji da latas a kai, wato garau-garau dai da muke rainawa. Kafin tuwo a fara kawo kwaɗo ko gurji da yalo. Wannan ma an gwada shi: wani bincike da aka yi a New York a 2015 ya nuna cewa idan aka fara da ganye da nama aka bar sitaci a ƙarshe, sukari ba ya tashi kamar in an fara da sitacin, alhali abincin bai canza ba. Na dare muka dawo da shi da wuri, ni kuma na sauya masallacin isha'i zuwa wanda yake da 'yar tazara, don tafiyar minti goma ko sha biyar bayan cin abinci tana sa tsoka ta janye sukari daga jini. Gishiri da dunƙulen ɗanɗano muka rage, daddawa ta dawo, saboda hawan jini abokin tafiyar wannan ciwo ne.

Na sani ni namiji ne, shi ya sa abin ya zo min da sauƙi. Idan maigida ne ya kamu, gida gaba ɗaya yakan juya. Idan matar gida ce, ba mai juyawa. Ita za ta dafa abin da miji da yara suke so, ta ɗanɗana gishiri, ta ɗanɗana zaƙin kunu, ta cinye ragowar yara don kada a yi asara, kuɗin cefane kuma ba a hannunta yake ba balle ta ce a ƙaro ƙwai ko kifi. Fita tafiya bayan isha'i ba kowace aka yardar wa ba. Na sha ganin mata a layin asibiti ana yi musu faɗa a kan sakamakon gwaji, kuma wanda ya kamata ya ji faɗan yana kasuwa. Yadda aka ce in taho da uwargida, haka ya kamata a riƙa ce wa mace ta taho da maigida, a zaunar da shi a yi masa lissafin.

Sai masu ba da shawara kyauta, waɗanda ba sa ƙarewa. Kowa yana da ɗan'uwan da ya warke. Wani ya ce shuwaka, wani garafuni, wani ganyen darbejiya, hujjar dai ita ce ɗaci yana kashe zaƙi, kamar a kofi ake haɗa su. Mai mota da lasifika a bakin kasuwa ya ce kwalba uku ka jefar da ƙwayar asibiti. Zogale da shuwaka ganye ne masu kyau, a ci su a miya da kwaɗo. Hulba da kirfa an yi bincike a kansu, abin da aka gani bai kai ya maye gurbin magani ba. Wanda ya ajiye maganinsa saboda jarkar da ba a san abin da ke ciki ba, ƙodarsa da idonsa ya sa a caca. Zuma ta fi wuyar magana, don tana da daraja a addini da al'ada, kuma ban zo in rage mata daraja ba. Amma wajen kashi 80 cikin 100 na zuma sukari ne, kuma wanda ya daina sa sukari a shayi ya koma tsiyaya zuma son ransa zai ga sakamako a na'ura. Dabino busasshe ma wajen kashi biyu cikin uku nasa sukari ne. Abu yana iya zama mai albarka kuma a ci shi da awo.

A watan azumi ne duk wannan yake haɗuwa wuri ɗaya. A zamanin Baba, ko dai likita ya ce kada ka yi, ka fita ka yi abinka a ɓoye, ko kuma ba a tayar da maganar ba sam. Tun 2016 akwai ƙa'idojin da likitoci suka tsara musamman don mai sukari da Ramadan, suna raba mutane gwargwadon haɗari. Ana son mutum ya ga likita makonni shida zuwa takwas kafin wata ya kama, a gyara masa lokacin magani da yawansa, musamman mai allurar insulin ko mai shan irin su glibenclamide da suke iya kayar da sukari da rana tsaka. Idan gwaji ya nuna ƙasa da 3.9, wato 70, ko ya haura 16.6, wato 300, a karya azumin nan take, kuma malamai sun yi bayani cewa huda yatsa don gwaji ba ya ɓata azumi, shari'a kuma ta yi wa mara lafiya rangwame. Amma ga yawancinmu haɗarin ba da rana yake ba, a faifan buɗe-baki yake. Dabino, kunu, zoɓo mai sukari, ƙosai, soyayyen dankali, kankana, lemo, duk a cikin minti ashirin, sannan tuwo bayan asham. Ni dai dabino ɗaya ko biyu da ruwa, in yi magariba, in dawo in ci ƙosai ko alale da ganye, kunu rabin kofi in raina ya biya. Sahur a jinkirta shi, wanda dama haka aka fi so, a yi shi da abin da zai daɗe a ciki.

Wani abin da Baba bai rayu ya ji ba shi ne ciwon yana iya lafawa. A 2017 Roy Taylor na Newcastle da Mike Lean na Glasgow suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi a Birtaniya a kan masu ƙiba da ba su wuce shekara shida da kamuwa ba. Kusan rabin waɗanda aka sa a tsarin rage nauyi sukarinsu ya dawo daidai ba magani bayan shekara guda, a cikin waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye kuwa, kashi 86 cikin 100. Lafawa ce ba warkewa ba, in nauyin ya dawo ciwon yakan dawo, kuma ba shawara ce ga siririn mutum ba. Haka mai ciwon ƙoda, lissafinsa na wake da nama da wasu ganyaye daban ne, sai da likita.

Abin da har yanzu ban ga an yi wa dabara ba shi ne kara. Ka je gaisuwa a kawo maka lemon malt mai sanyi, wanda mutane suke ɗauka ƙarin jini ne alhali zaƙinsa bai gaza na sauran ba. Kwalbar lemo ta rabin lita tana ɗauke da wajen giram 50 na sukari, kimanin cokalin shayi goma sha biyu, daidai da iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanka wa babban mutum lafiyayye a yini guda. Ka ce a'a, a ce, "Haba Malam, ɗan taɓa mana, guda ɗaya ai ba ta kisa." Na lura idan na ce an hana ni, sai a shiga tausayi da jaje da labarin magani. Idan na ce, "Hajiya, a taimaka min da ruwa, in akwai gyaɗa a haɗo," sai a tashi da murna a kawo, don mai gida so take ta ga ka ci wani abu nata. Gwamnati ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, amma ban ga wanda naira goma ta hana shan lemo ba.

Tsada ce ta fi haraji aiki, sai dai ta inda ba a so. Bayan cire tallafin mai a 2023, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, wake ya yi tashin da ba a taɓa gani ba, magani da tsinken gwaji suka bi sahu. Idan aljihu ya matse, ƙwai da kifi da nama ne suke fara fita daga tukunya, sitaci ya rage shi kaɗai, don shi ne mai cika ciki da araha. Faɗa wa mai irin wannan hali ya ci kifi faɗin tafi ba'a ce. Wanda garin kwaki kaɗai ke gidansa ba za a ce masa kada ya ci ba. Za a ce masa kada ya jiƙa da sukari, ya kwaɗa shi da ƙuli-ƙuli mai yawa da albasa da duk ganyen da ya samu, ya raba shi biyu maimakon ya tashi da shi a zama ɗaya. Awara ta fi nama sauƙi, gurjiya da gyaɗa suna nan. Mai tsinken gwaji kaɗan ya daina ƙone su a kan gwajin safe kullum, ya riƙa zaɓar abinci ɗaya cikin waɗanda ya fi ci ya gwada bayansa, ya rubuta, ya kai wa likita. A gidanmu kuma uwargida ta koma shanya rama da tafasa da zogale a ƙarshen damina tana durawa a buhu, saboda daga bazara zuwa faɗuwar ruwa ganye a kasuwar 'Yankaba ba ya taɓuwa.